Kafin Ka Naɗe Tsire da Tsohuwar Jarida, Duba Kwanan Watanta

A kasuwanninmu, daga Nima ta Akara har zangon Kumasi, tsohuwar jarida abin ƙunshe kaya ce: tsire, ƙosai, gyaɗa. A kilo ake sayenta. Amma akwai masu nemanta ido rufe, musamman wadda ta ɗauko labarin wani mawaƙin zamani tun bai yi suna ba.

Dalilin a fili yake. Ranar da Michael Jackson ya mutu a 2009, dubban mutane sun adana jaridun, saboda haka suna nan birjik. Amma wa ya ajiye ɗan tallan da aka buga a ƙasan shafi lokacin da Fela Kuti ke kiɗa a Legas da ƙungiyarsa Koola Lobitos a shekarun 1960? Ai kusan babu. Ɗan kasuwa kuwa ya san abin da ya yi ƙaranci shi ke tsada.

Ga wasu ranakun da ya kamata a riƙe. A watan Mayun 1956 Louis Armstrong ya zo Akara, har ya yi wasa tare da E.T. Mensah, sarkin kiɗan haylayif. A 1970 James Brown ya yi wasa a Legas. Ranar 6 ga Maris 1971 aka yi bikin Soul to Soul a dandalin Black Star na Akara, inda Wilson Pickett da Santana da Ike da Tina Turner suka hau dandamali. Duk wanda ya ci karo da Daily Graphic, wadda aka kafa a 1950, ko mujallar Drum ta waɗannan lokuta, to ya dakata tukuna. Haka nan Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa a 1939: in ka ga sunan Shata ko Ɗan Maraya Jos a ciki, kar ka bari ta shiga hannun mai ƙosai.

Ajiyar ita ce aiki. Da itace mai araha ake yin takardar jarida, shi ya sa hasken rana ke mayar da ita rawaya, ta bushe ta riƙa karyewa. Ga laima, ga gara, ga ambaliya. Ruwan da ya ci Akara a 2011 ya lalata wani ɓangare na taskar tarihin kiɗa ta Bokoor, wadda Farfesa John Collins ya daɗe yana tarawa.

To, kar a yanke labarin a jefar da sauran; shafin da babu sunan jarida da kwanan wata ya rasa shaidarsa. Kar a liƙa salatif, kar a manne ta cikin roba da zafi, don ba ta sake fitowa. A shimfiɗa ta a kwali, a ɗora a sama nesa da ƙasa da bango, a ɗauki hoton kowane shafi da waya.

Kuma ba kowace ce za ta kawo kuɗi ba, jama'a. Sai dai akwatin mahaifin da ya yi fatauci tsakanin Kano da Kumasi yakan ɓoye irin waɗannan takardu a ƙarƙashin rasiɗai. Kafin magada su share ɗaki, a sa yaro mai karatu ya duba su ɗaya bayan ɗaya.