Labaran Jaruman Zane da Suka Yi Zarra a Shekarun 1980

Masu nazarin mujallun zane na Amurka, waɗanda ke ɗauke da labaran su Batman da Superman da Spider-Man, sun sha yin saɓani a kan abubuwa da dama, amma da wuya a samu mai musun cewa shekarun 1980 ne suka fi kowane zamani fitar da labaran da har gobe ake komawa gare su. Kamfanoni biyu ne ke riƙe da ragamar kasuwar, Marvel da DC, kuma a cikin shekara goma ɗin nan ne marubutansu suka daina ɗaukar jarumi a matsayin wanda ba ya kuskure, suka fara tambayar abin da ƙarfi ke yi wa mai shi da kuma waɗanda ke zaune kusa da shi.

Wannan sauyi yana da tushe a harkar ciniki. Tun 1954, bayan Majalisar Dattawan Amurka ta yi zama a kan zargin cewa mujallun na lalata tarbiyyar yara, kamfanonin suka kafa wa kansu hukumar tace labarai mai suna Comics Code Authority. Ƙa'idojinta sun tanadi cewa dole ne mai gaskiya ya yi nasara a kowane labari, kuma ba a yarda a zubar da mutuncin ɗan sanda ko alƙali ba. Mujallar da ba ta da hatimin hukumar, yawancin masu sayar da jaridu ba sa karɓar ta. A shekarun 1970 sai aka fara samun shagunan da ba sa sayar da komai sai mujallun zane, masu saye kai-tsaye ba tare da mayar da kwantai ba, kuma abokan cinikinsu galibi manya ne. Da shagunan suka yi ƙarfi, hatimin ya rage tasiri, marubuta suka samu sarari.

Marvel ce ta buɗe fagen da labarin The Dark Phoenix Saga a 1980, a mujallar X-Men, daga fitowa ta 129 zuwa ta 138. Chris Claremont da John Byrne suka ɗauki Jean Grey, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar na farko, suka ba ta ikon da ya fi ƙarfin hankalinta, har ta haɗiye wani tauraro, duniyar da ke zagaya shi ta hallaka da biliyoyin rayuka. Da fari an tsara a raba ta da ikon ne kawai ta ci gaba da rayuwa. Babban editan kamfanin, Jim Shooter, ya ce faufau, wadda ta yi irin wannan ɓarna ba za ta tafi haka nan ba. Aka sake rubuta ƙarshen, Jean ta zaɓi mutuwa a kan wata a fitowa ta 137. Shisshigin edita ba kasafai yake gyara labari ba, amma a nan ya gyara. Jim kaɗan bayan haka Claremont da Byrne suka fitar da Days of Future Past a fitowa biyu rak, inda aka hango shekarar 2013 an tsare 'yan X-Men a sansanoni kamar fursunonin yaƙi. A 1982 kuma Claremont ya rubuta God Loves, Man Kills, labarin wani mai wa'azi, William Stryker, da ke hura wutar ƙiyayya ga waɗanda aka haifa daban da sauran jama'a.

Ita kuwa DC, bikin cikarta shekara hamsin ta yi da Crisis on Infinite Earths tsakanin 1985 da 1986, aikin Marv Wolfman da George Pérez, wanda ya dunƙule duniyoyin labaranta masu yawa ya mayar da su guda, ya kashe Supergirl da Flash. Zanen Pérez abin kallo ne, yakan cusa jarumai birjik a shafi ɗaya kuma a gane kowa. Sai dai a matsayin labari, sharar fili ce kawai ga abin da ke tafe.

Abin da ke tafen shi ne shekarar 1986. A cikinta Frank Miller ya fitar da The Dark Knight Returns a kashi huɗu, Klaus Janson na bin zanen da tawada, Lynn Varley na sa launi. Bruce Wayne a nan ɗan shekara 55 ne, ya yi shekara goma da ajiye kayan Batman, gwiwa ta fara ciwo, birnin Gotham kuma ya faɗa hannun gungun matasa 'yan ta'adda. Ya dawo fage tare da sabuwar mataimakiya, wato Robin, yarinya 'yar shekara 13 mai suna Carrie Kelley. Dabarar Miller ita ce ya yayyanka shafuka da yawa zuwa ƙananan gidaje masu siffar akwatin talabijin, inda 'yan jarida da likitoci da 'yan siyasa ke ta gardama a kan ko Batman mai ceto ne ko ɗan daba. Shugaban ƙasar da ke cikin labarin kamarsa ɗaya da Ronald Reagan, Superman kuwa ya zama ɗan aiken gwamnati, wanda a ƙarshe aka tura ya murƙushe tsohon abokinsa. Littafin na da ƙarfi ƙwarai, amma yana da son kai: duk wanda ya soki Batman a ciki an zana shi ne a matsayin wawa ko matsoraci.

A shekarar ce kuma Alan Moore da Dave Gibbons, dukansu 'yan Birtaniya, suka fara Watchmen, fitowa goma sha biyu da suka ƙare a 1987. Moore ya so yin amfani da jaruman kamfanin Charlton da DC ta saya, aka hana shi don kada ya lalata su, sai ya ƙirƙiro nasa. Labarin na faruwa ne a 1985, a wata Amurka da ta ci yaƙin Biyetnam saboda tana da Dakta Manhattan, mutum ɗaya tilo mai ikon gaske, Richard Nixon na nan bisa mulki, kuma ana dab da yaƙin nukiliya da Tarayyar Sobiyet. Ya fara da kisan wani tsohon jarumi da aka jefo daga bene, ya ƙare da gano cewa wanda ya fi kowa basira a cikinsu, Adrian Veidt, ya shirya kashe miliyoyin mutanen Niyok don tsoro ya haɗa kan ƙasashen biyu. Mai karatu ne aka bar wa hukunci.

Gwanintar Watchmen a ginin shafi take. Gibbons ya raba kusan kowane shafi gida tara, uku a jere sau uku, kamar ramukan dara, ta yadda in aka haɗe gida biyu ko uku ido zai ji cewa wani abu babba ya faru. Fitowa ta biyar an tsara ta ne ta yadda shafin farko ya yi daidai da na ƙarshe a tsari, na biyu da na kusa da ƙarshe, haka har a haɗu a tsakiya. Littafin ya samu kyautar Hugo a 1988, kuma a 2005 mujallar Time ta sa shi cikin littattafan ƙagaggun labarai ɗari mafiya daraja da aka rubuta da Ingilishi tun 1923. Farin jininsa ya jawo rigima: yarjejeniyar ta ce haƙƙin mallaka zai koma ga marubutan idan aka daina buga shi, ba a kuwa taɓa dainawa ba, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa Moore ya raba gari da DC.

Hasken waɗannan biyu ya so ya rufe wani aiki na uku da ya fito a 1986, wanda in ana maganar labari tsantsa ya fi su taɓa zuciya. Born Again ne, a mujallar Daredevil daga fitowa ta 227 zuwa ta 233, Miller ya rubuta, David Mazzucchelli ya zana. Karen Page, tsohuwar budurwar lauya makaho Matt Murdock, ta faɗa shan miyagun ƙwayoyi, ta sayar da sirrin cewa shi ne Daredevil don ta samu abin da za ta sha sau ɗaya. Sirrin ya isa ga Kingpin, uban 'yan fashin birnin, wanda bai yi gaggawar kashe shi ba. Sai ya sa aka rufe asusunsa na banki, aka ƙwace masa lasisin lauya da shaidar zur, aka tarwatsa gidansa da bam, har Murdock ya koma kwana a lungu, hankalinsa ya fara gushewa. Wata 'yar zuhudu mai suna Maggie, wadda labarin ya nuna mahaifiyarsa ce, ta tsince shi ta yi jinyarsa. A yawancin shafukan jarumin ba ya sanye da kayan jarumta ko kaɗan, kuma ƙarshen bai mayar masa da dukiya ko muƙami ba, sai dai lafiya da yafiyar da ya yi wa Karen. Miller da Mazzucchelli suka sake haɗuwa a 1987 a Batman: Year One, fitowa huɗu da suka bi shekarar farko ta Batman da ta ɗan sanda James Gordon a cikin rundunar da cin hanci ya cinye. Fim ɗin Batman Begins na 2005 ya ɗebi abubuwa da yawa daga nan.

Ba duka ne baƙin ciki ba. Walt Simonson ya karɓi Thor a 1983, ya shigo da Beta Ray Bill, baƙon halitta mai fuskar doki da ya iya ɗaga gudumar da sai wanda ya cancanta ke ɗagawa. J. M. DeMatteis, wanda ya rubuta Kraven's Last Hunt a 1987, inda maharbi ya binne Spider-Man da ransa har mako biyu, shi ne kuma a shekarar ya haɗu da Keith Giffen suka mayar da Justice League dandalin raha.

Zuwa 1988 duhun ya fara zama kayan talla. A The Killing Joke na Alan Moore, Joker, abokin gabar Batman, ya harbi Barbara Gordon, 'yar James Gordon, ta shanye, ba don komai ba sai don a gwada mahaifinta, kuma Moore da kansa daga baya ya nuna bai gamsu da aikin ba, duk da kyan zanen Brian Bolland. A shekarar ce DC ta buɗe layukan tarho don masu karatu su zaɓi ko Robin na biyu, Jason Todd, ya rayu ko ya mutu. Masu son mutuwarsa suka yi rinjaye da ƙuri'a 72, wato 5,343 a kan 5,271. Marubutan shekarun 1990 da dama sun gaji jini da ɗaure fuska, suka bar tsari da tausayi.

Wanda bai taɓa karanta irin waɗannan littattafai ba, gara ya fara da Year One da Born Again, domin ba sa buƙatar sanin tarihin kowa, ya ajiye Watchmen sai idonsa ya saba da karatun shafi.