MATAMEYE NA GIRMA: A SHIRYA GARIN GOBE TUN YAU

Garin Matameye yana ƙaruwa. Wanda ya daɗe bai zo kasuwa ba, in ya zo yau sai ya tarar da gidaje inda ya bar gero tsaye. Ƙidayar jama'a ta 1988 ta samu mutum dubu 11 da ɗoriya cikin garin. Ƙidayar 2012 ta samu fiye da dubu 27. Wato cikin shekara 24 garin ya ninka, har ya wuce. In aka ci gaba haka, kafin shekarar 2036 mutanen garin za su zarce dubu 50.

Dalilan wannan ƙaruwa a fili suke. Akwai haihuwa. Akwai babbar hanyar mota da ta taso daga Takeita, ta ratsa Matameye, ta bi Ɗan Barto zuwa Daura da Kano. Akwai kasuwa da ma'aikatun gwamnati, tun da Matameye ce hedikwatar gundumar Kance. Sa'an nan gonakin ƙauye suna ta ƙanƙancewa wajen rabon gado. A 2012 mutanen gundumar sun kusa dubu 400, ƙasar kuwa ba ta ƙaru ba. Saurayin da bai samu gona ba, gari yake nufa.

WA GIRMAN GARI YA SHAFA?

Gari in zai girma, gona yake ci. Manomin da ke bakin gari shi ne na farko da za a zo wa da igiyar awo. Makiyayi yana iya dawowa daga arewa da kaka, ya tarar an gina katanga bisa burtalin da kakanninsa suka bi. Mai lambun rake a fadama yana iya ganin shara da ruwan kwata sun gangaro masa. Mace kuwa tafiyarta wajen ruwa da itace sai ta ƙara nisa.

Saboda haka shirin gari ba maganar ƴan birni kaɗai ba ce. Kwamin ɗin Matameye ta haɗa garin da ƙauyuka da rugage masu yawa. A 2012 mutanenta sun kai wajen dubu 65. Fiye da rabinsu a ƙauye suke zaune. Su ne masu rinjaye, ya kamata a ji bakinsu.

KAKANNI SUN YI SHIRI

Tsara gari ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Da mutanen Kano suka gina ganuwa, ba gidaje kaɗai suka kewaye ba. Sun saka gonaki da kududdufai a ciki, domin ranar yaƙi da domin jikokin da za a haifa. A Damagaram, zamanin Sarki Tanimun, fiye da shekara 150 ke nan, an kewaye Birni da garu mai ƙofofi. Fatake da ayarin raƙuma kuwa suna da wurinsu daban, shi ne Zango. Kowane abu da mazauninsa.

Shawara da talakawa ma ƙasar Matameye ta san ta. A shekarun 1960 tana cikin wuraren farko da aka soma aikin animasiyo a Nijar. Ƙauyuka suna fid da wakilansu, maza da mata, a zauna a tattauna zancen noma, da lafiya, da kasuwar gyaɗa. Dattawa da yawa suna tune da wannan.

YADDA AKE TSARA AIKIN KWAMIN

Ran 24 ga Yuli 2004 aka yi zaɓen kwamin na farko a duk faɗin Nijar. Gundumar Kance ta samu kwamin 9: Matameye, Kance, Ɗan Barto, Dawshe, Dungu, Ishirnawa, Kurni, Tsawni da Yawuri. Aka ɗora wa kowace kwamin ta rubuta littafin shirinta na raya ƙasa, wanda ma'aikata ke kira PDC. Shiri ne na shekara 5.

Ga yadda aka tsara a yi shi. Da farko a sanar da sarakuna da masu gari. Sa'an nan a raba ƙauyuka da unguwanni rukuni rukuni, kowane rukuni ya yi taronsa. Maza su faɗi matsalolinsu, mata su faɗi nasu, samari da makiyaya su ma haka. A ƙidaya abin da ke akwai: rijiyoyi nawa, azuzuwan lakwal nawa, gidan likita nawa, wace hanya ce ke yankewa da damina. Bayan haka wakilai su haɗu a Matameye, su jera bukatu, a san wadda za a fara da wadda za ta jira. In an amince da littafin, sai a kai wa perefe ya duba ko ya dace da doka. Kowace shekara kuma a ciro aikin shekarar daga cikinsa, gwargwadon kuɗin da ke hannu.

A watan Afrilu na 2024 gwamnati ta rushe majalisun kwamin da aka zaɓa, ta naɗa kantomomi su riƙe aikin. Mai riƙon ya canza, amma kwamin tana nan, bukatun jama'a ma suna nan. Ƙofar da talaka zai buga ita ce dai ta ofishin kwamin, ta hannun mai gari ko wakilin ƙungiyarsa.

INDA GIZO KE SAƘA

Littafin shiri yana iya yin kyau a takarda, amma ya kwana cikin akwati. Abu uku ke kawo haka.

Na ɗaya, taron da manya kaɗai suka yi magana. In mata suka zauna baya suka yi shiru, ba wanda zai faɗi wahalar ruwa yadda take. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na biyu, lokacin taro. In aka kira shi tsakiyar damina, manomi yana gona, makiyayi yana arewa da bisashe. Bayan girbi ne kowa ke gida.

Na uku, kuɗi. Kwamin tana rayuwa da haraji, da kuɗin kasuwa da na tasha, da taimakon gwamnati da na ƙungiyoyi. Wanda ya biya haraji ya karɓi takardarsa. Yana da iko kuma ya tambayi abin da aka yi da kuɗin.

A ƙasar Barazil akwai wani birni, sunansa Porto Alegre. A 1989 suka soma wata dabara: kowace shekara mutanen unguwa su taru, su zaɓi aikin da za a fara yi musu da kuɗin gari. Unguwannin talakawa suka samu famfo da magudanan ruwa da tituna. Daga baya garuruwa da yawa a duniya, har da na Afirka, suka ɗauki dabarar.

ABUBUWA BIYAR DA ZA A KEƁE KAFIN A YANKA FILAYE

1. Hanyar ruwa. Ruwa ba ya manta hanyarsa. Daminar 2024 ta nuna haka: ambaliya ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya a Nijar, fiye da 300 suka rasu. A Damagaram tsohon masallacin Birni ya faɗi a watan Satumba. Kada a ba kowa fili cikin kwari ko bakin tabki, ko da kyauta ne.

2. Burtali da mashaya. Dokar makiyaya ta 20 ga Mayu 2010 ta ce yawon kiwo hakkin makiyayi ne. Burtali da makiyaya dukiyar ƙasa ce, ba a sayar da su, ba a noma su. A kafa musu alama tun gari bai iso ba. Burtalin da ya toshe, shi ne ɓarna da faɗan gobe.

3. Fadama. Rake da kayan lambu na fadamun Korama su ne cinikin rani na gidaje da yawa. Gida ana iya gina shi bisa tudu. Rake kuwa sai inda ruwa ke kusa.

4. Filayen jama'a. Lakwal, gidan likita, masallacin Idi, maƙabarta, kasuwar bisashe, wurin zuba shara. In ba a keɓe su yau ba, gobe sai an saye su da tsada, ko a rushe gidan wani.

5. Itatuwa. Manoman Matameye da Magarya da Mirya sun yi suna a duniya saboda gawon da suka raya cikin gonakinsu tun shekarun 1980. In gona ta zama unguwa, a bar manyan itatuwa bakin titi da filayen jama'a.

TAKARDAR GONA

Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta yarda da mallakar gona ta gargajiya. Ita ce ta kawo hukumomin filaye da ake kira Kofo. Akwai ta gunduma, akwai ta kwamin, akwai ta ƙauye wadda mai gari ke shugabanta. Cikinta ana sa wakilan manoma, da makiyaya, da mata, da samari. Nan ake rubuta shaidar gado, da saye, da kyauta, da aro, da jingina.

Doka ta ce in hukuma za ta karɓi gonar mutum domin amfanin jama'a, sai an biya shi diyya. To, amma wa za a biya in magada biyar suna gardama, ba takarda? Kuma akwai dillalai masu saurin jin labari. Sukan sayi gonar bakin gari da araha, su jira ranar awo. Kuɗin gona kan ƙare cikin shekara guda, gonar kuwa ba ta dawowa. Mai gona ya yi shawara da iyalinsa, ya je Kofo, kafin ya sa hannu bisa kowace takarda.

Nan ne amfanin karatu yake. Wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci yana iya rubuta bukatun ƙauyensu da Hausa kafin ranar taro. Yana iya riƙe littafin Kofo na ƙauye. Yana iya rubuta alkawarin da aka yi da ranar da aka yi shi, baɗi ya buɗe littafi ya tuna wa kowa.

Tun ran gini, ran zane. In an kira taron shiri bana, mai gona ya je, mai shanu ya je, uwargida ma ta je ta faɗi nata.