Abin da ya sa kwamfuta ke jan ƙafa kafin ta yi wasa da kai

Duk wanda ya saba buga lido ko karta a salula, yana zaune a fada ko yana ƙasar waje, ya san abokin wasan nan da ke ɗan tsayawa kafin ya jefa, kamar mai tunani. Wani lokaci ba mutum ba ne. Manhaja ce da ake kira bot, kuma masu ƙera wasan ne suka saka mata wannan jinkiri da gangan.

Bot na gama lissafinsa kafin ƙiftawar ido. Da za a sake shi haka, 'yan wasan kwamfuta uku za su jefa su motsa a daƙiƙa guda, kai kuwa ka duba allo ka tarar an cinye maka ɗa ba ka ga yadda aka yi ba. Shi ya sa ake ba shi ɗan lokacin jira, ana kuma sassauya tsawonsa: gajere idan motsi ɗaya ne kawai ke akwai, ya ɗan daɗe idan zaɓi ya yi yawa. Jinkirin da ba ya canjawa nan da nan yake tona asiri.

A wasannin faɗa kuma maganar ta adalci ce. Mutum kan ɗauki kusan rubu'in daƙiƙa kafin hannunsa ya amsa abin da idonsa ya gani. A shekarar 2018 kamfanin OpenAI ya ƙara lokacin amsawar 'yan wasansa na Dota 2 daga milisakan 80 zuwa 200, don su kusanci ɗan Adam (milisakan 1,000 ne daƙiƙa ɗaya). Shi ma AlphaStar na DeepMind, da aka yi ta suka cewa saurin dannawarsa a StarCraft II ya wuce na mutane, a 2019 an taƙaita shi ga motsi 22 a cikin daƙiƙa biyar. A shekarar ce kuma Fortnite ya shigo da bot cikin wasanninsa, don sabbin shiga su samu waɗanda za su iya kayarwa.

Inda abin ke da ayar tambaya shi ne idan aka haɗa jinkirin da sunan mutum da hoto, ba tare da an faɗa maka ba. A wasan nishaɗi babu wata asara sai ɗan alfaharin nasarar da ka ɗauka kan mutum ka samu. Amma a manhajar da ake zuba kuɗi, wanda ya shirya bot ɗin shi ne kuma ke riƙe da kuɗinka, kuma shi ke yanke ƙarfin abokin karawarka. A nan ya kamata a rubuta ƙarara wane ne mutum, wane ne na'ura.

Gane bot ta hanyar jinkiri kaɗai ba ya da tabbas, musamman a wajenmu. Mai wasa daga Tawa da rezo ke yanke masa zai iya tsayawa daƙiƙa biyar a kowane zagaye, kuma a wasanni da dama idan lokacinsa ya ƙare kwamfuta ce ke karɓar wasan ta ci gaba da sunansa.