Safodila, 'Yar'uwar Kaɗanya Da Za A Iya Reno A Tsakar Gida

Duk wanda ya tashi a Kucheri ya san daɗin taɓo. Da farkon damina, tun da asuba, mata da yara sukan fita da ƙwarya su tsince 'ya'yan kaɗanya da suka faɗo da dare. Yara su sha taɓon, iyaye mata su tara kaɗen domin mai. Yau abin ya ragu ƙwarai. Gatarin masu gawayi ya ci itatuwa da yawa. Waɗanda suka rage kuwa galibi suna nesa da gari, inda uwa ba za ta yarda ta aiki 'yarta ba, saboda 'yan bindigan da suka dami ƙasar Tsafe shekaru da dama. To, idan daji ya yi mana nisa, ashe sai mu jawo itace cikin gida.

Kaɗanya kanta ba ta da saurin haihuwa. Takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, ba ta kuma son a cire ta a dasa. Amma tana da wata 'yar'uwa a ƙasashen waje da ta fi ta sauri, ana ce da ita safodila. Masana itatuwa sun sa su a dangi ɗaya. Alamar zumuncin a fili take, gama idan an sari bawon kowace, farin ruwa kamar madara yakan fito, ya daskare ya zama danƙo.

Daga ina ta fito?

Asalinta kudancin Meksiko ne da ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita. Mutanen Maya na can sun daɗe suna tauna danƙonta, kamar yadda yaranmu suke tauna na kaɗanya. A wajen 1870 wani mutum mai suna Thomas Adams ya fara yin cingam na sayarwa da wannan danƙo a birnin New York na Amurka, ko da yake yawancin cingam na yanzu ba da shi ake yi ba. Katakonta yana da tauri ƙwarai. A tsohon birnin Tikal, a ƙasar Gwatemala, an sami katakanta a kan ƙofofin gine-gine da suka haura shekara 1,000.

Mutanen Sifen ne suka kai ta Filifin, daga baya ta bazu cikin Asiya. A 1898 aka dasa ta a ƙauyen Gholvad, arewa da birnin Mumbai, yau kuwa Indiya ce ta fi kowace ƙasa nomanta. Can ana kiranta ciku. Wannan ne ya kamata ya ƙarfafa mu, domin yammacin Indiya ma yana da zafi da dogon rani irin namu.

Ɗanta bai fi ƙwan kaza ko ƙaramin lemo girma ba. Bayansa ƙasa-ƙasa ne, ba kyan gani. Amma idan ya nuna, aka tsaga shi, zaƙinsa kamar na mazarƙwaila. Itacen ba ya zubar da ganye da rani, saboda haka ga inuwa shekara duka.

Wa ya kamata ya dasa?

Bari mu faɗa wa juna gaskiya. Safodila ta fi son ruwa fiye da abin da daminarmu take bayarwa. Babbarta tana jimre wa fari, amma ƙaramar ba ta iyawa. Iska mai zafi ta bazara kuma takan zubar da furenta. Gidan da ke da rijiya, ko famfo a kusa, ko lambu a bakin fadama, shi ya kamata ya gwada. Gidan da ruwan sha ma da ƙyar ake samu, kada ya ɗora wa kansa wannan kaya.

Iri ko dashe?

Idan an sami ɗan itacen, a wanke ƙwallayensa a shuka tun suna sababbi, cikin leda mai ƙasa da taki, zurfin rabin inci. Sukan tsiro cikin wata guda. Sai dai itacen iri yakan kai shekara 5 zuwa 8 kafin ya haihu, ba lalle ne kuma ya gaji zaƙin uwarsa ba. Dashen da aka yi wa aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro, yakan fara a shekara 3 ko 4. Ba a saba ganinta a kasuwanninmu ba, saboda haka sai a yi cigiya wurin masu renon itatuwa da malaman gona. Kafin a biya kuɗi, a nemi ganin gurbin auren a jikin karan. In da hali a dasa biyu, domin waɗansu irin sun fi haihuwa idan akwai wata kusa.

Yadda za a dasa

A zaɓi wuri mai rana, wanda ruwa ba ya kwanciya, kamar ƙafa 25 daga ɗaki da rijiya. A haƙa rami ƙafa 2 faɗi, ƙafa 2 zurfi. A gauraya ƙasar sama da taki wanda ya ruɓe sarai, gama ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. A jira sai damina ta kankama, wato ƙarshen Yuni ko cikin Yuli. A yanke ledar a hankali kada ƙasar ta warwatse, a bar gurbin auren a saman ƙasa.

A ranar da aka dasa, a ranar za a kewaye shi da ƙaya. Akuya ba ta ba da wa'adi. Idan hunturu ya shigo, a kafa zana ta gabas da arewa domin tare iska, a bar ta har bazara ta wuce.

Ban ruwa shi ne babban aikin. Shekara 3 na fari, da rani, a ba shi bokiti ɗaya kowane kwana 2 ko 3. Ruwan da uwargida ta wanke hatsi ko shinkafa da shi yana da kyau, amma ban da mai sabulu. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa kewaye da gindin, kada ta taɓa karan. Duk tohon da ya fito ƙasa da gurbin auren a cire shi. Yana da kyau maigida ya danƙa wa yaro ɗaya wannan aiki, ya ce masa, "Wannan itacenka ne." Yaron da ya sha wahalar ɗebo ruwa ba zai ɗaga wa itace gatari da garaje ba.

Lokacin tsinka

Ɗanyen yana da bauri da danƙo, ba ya ciyuwa. A ɗan kankare bawon da farce. Idan kore ne a ciki, a bar shi. Idan ya yi rawaya, a tsinke, a ajiye cikin ƙwarya a ɗaki. Cikin mako guda ko fiye kaɗan zai yi laushi. Iyaye mata su lura: ƙwallayen baƙaƙe ne masu santsi, da ɗan ƙugiya a baki wanda yake iya maƙalewa a maƙogwaro. A cire su duka kafin a ba ƙananan yara.

Baƙuwa ba ta korar 'yar gida

Safodila za ta ba mu zaƙi da inuwa, amma ba za ta ba mu man kaɗe ba. Saboda haka, mai karatu, idan kana huɗa a bana ka ga ƙaramar kaɗanya ta tsiro a kunya, ka kauce mata da garma, ka kafa mata sanda domin 'yan ƙwadago su gani. Kaɗanyar da muka sha taɓonta muna yara, wani ne ya ƙyale ta, bai kuwa san sunanmu ba. Kafin Yuli ya ƙare, a haƙa rami ɗaya a gida, a kuma kafa sanda ɗaya a gona.