Zanen dutse a Birnin Kudu da Dabous: abin da yake nuna wa mai nazari daga Dakoro

1. Gabatarwa

A wannan takarda za mu duba wurare biyu da mutanen da suka bar zane a kan dutse, ɗaya kudu da Dakoro, ɗaya arewa da ita. Mun ɗauki Dakoro ma'auni domin ƙasa ce ta makiyaya, kuma dabba ita ce jigon zanen duka biyu.

2. Birnin Kudu

A shekarun 1950 Bernard Fagg ya bayyana zanen da ke cikin kogunan Birnin Kudu, a jihar Jigawa ta yanzu, musamman Dutsen Mesa da Dutsen Habude. Yawancinsa shanu ne da aka shafa da jan launi. Abin lura shi ne da yawa daga cikinsu ba su da tozo, alhali shanun Bororo da ake kaiwa kasuwar Dakoro duka masu tozo ne. Ke nan mai zanen ya ga wani irin garke dabam da na yau, ya kuma zana shi yadda makiyayi zai gane. Kusa da kogunan akwai duwatsun da ke amo kamar kuge idan an buga su.

3. Dabous

Tsakanin Agadas da Arlit akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa, ba shafa launi aka yi ba. Christian Dupuy ya rubuta labarinsu a 1987. Babban ya kai mita 5,4. An fitar da ɗigon jikinsa ɗaya bayan ɗaya, kuma wani layi ya sauko daga bakinsa zuwa ga ɗan ƙaramin mutum. Wannan shaida ce cewa Ayar ta taɓa samun ruwa da itatuwa. Raƙumin dawa ya ɓace daga yankin Dakoro ma, sai a 2018 aka maido wasu gandun Gadabeji daga Kure.

4. Kammalawa

A ganinmu, abin da ke jan mai kallo shi ne zurfin sanin dabba da ke cikin layin. Amma mai kallo shi ne kuma haɗarin: Faransa ta rufe kogon Lasko a 1963 saboda numfashin baƙi yana ɓata launi. A Dabous, taku da rubutun sunaye sun sa an ɗauki kwafin zanen a 1999. Muna kira ga ɗalibanmu su riƙa tambayar makiyaya sunayen da suke ba ƙaho da launin waɗannan dabbobi, a rubuta su da Hausa da Fulatanci da Tamashek.