Daga ido zuwa ƙwaƙwalwa: yadda duhu ke kiran barci

A Tanut da Belbeji, da ma ƙauyukan Damargu da dama, dare ya rage duhu. Fitila mai aiki da hasken rana ta shiga gidaje, salula na hannun matasa a fada har tsakar dare. Jikin mutum kuwa da duhu yake gane lokacin kwanciya.

A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu da bai wuce ƙwayar shinkafa ba, wanda likitoci ke kira glande pinéale da Faransanci. Shi ke haɗa melatonin, sinadarin da ke shaida wa jiki cewa dare ya yi. Aaron Lerner na jami'ar Yale a Amurka ne ya gano sinadarin a 1958, daga ƙwaƙwalwar shanu.

Ƙullutun ba ya ganin haske, umarni yake jira, kuma umarnin na bin doguwar hanya. Ido ke aika labarin haske ga agogon jiki da ke gindin ƙwaƙwalwa. Daga can saƙon ya gangara lakar baya, ya ratsa wani kumburin jijiya a wuya, sannan ya sake hawa. In duhu ya yi, bakin jijiyar ya saki wani sinadari mai suna noradrenalin. A jikin ƙwayoyin ƙullutun akwai wuraren karɓar saƙo da ake kira beta-1, tamkar kwaɗo ne da mabuɗinsa: da noradrenalin ya shiga, sai aikin juya serotonin zuwa melatonin ya kankama. Haske mai ƙarfi, musamman mai shuɗi-shuɗi irin na fitilun zamani da fuskar salula, yana rage wannan saƙo ko ya jinkirta shi. Shayi mai kauri da dare ma ba taimako yake ba.

Tsayar da aikin ma da nasa tsarin. A 2012 masu bincike na jami'ar Basalona a Sifaniya sun nuna, a jikin ɓeraye, cewa gab da asuba wasu wuraren karɓar dopamin, D4, na manne wa na noradrenalin su rage aikin.

Inda batun ya fi shafar dattawa shi ne hawan jini. Wasu magungunansa, kamar atenolol da propranolol, aikinsu toshe beta-1 ne don zuciya ta sassauta, sai dai suna toshe na ƙullutun ma. Melatonin na dare ya ragu, wasu su riƙa juye-juye a shimfiɗa ko munanan mafarkai, a ɗora laifin kan zafi ko tsufa. Dakatar da irin wannan magani farat ɗaya na da haɗari ga zuciya. Wanda barcinsa ya lalace bayan fara shan sa, ya koma wurin likitan da ya rubuta masa da kwalin a hannu, domin akwai wasu magungunan hawan jini da ba sa bin wannan hanya.