Rumbu da Turmi: Memori Biyu da ke Cikin Kwamfuta da Salula

Ƴan uwana ɗalibai, akwai wata magana da muke yawan ji a gida da kasuwa: "Salulata ta yi nauyi, bari in sayo mata memori." Sai mutum ya je ya kashe kuɗinsa, ya sayo kati ya sa, ya dawo gida ya tarar nauyin yana nan inda ya baro shi. Daga nan sai ya ce mai shago ya sayar masa da jabu. Alhali sau da yawa katin lafiyarsa lau, mai ciwon kai ne aka ba maganin ciwon ciki. Kalmar "memori" ce ke rikita mu, don abu biyu muke kira da suna guda, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne.

Mu ɗauki misali da gida. Hatsin shekara yana cikin rumbu, amma ba a daka a cikin rumbu. In za a yi fura, sai a ɗebo a zuba a turmi. Komai girman rumbu, turmi iya cikinsa yake ɗauka. In turmin ƙarami ne kuma bakin da za a ciyar da yawa, mai daka za ta yi ta zirga-zirga: ta daka kaɗan, ta kwashe, ta sake ɗebowa. To ko an gina mata rumbu na biyu, dakan ba zai ƙara sauri ba.

Haka abin yake a kwamfuta. Rumbu shi ne ma'ajiya, wato faifan da masu gyara ke kira disk dur. A nan hotuna da wasiƙu da bidiyo da manhajoji suke zaune, har shi kansa Windows. Turmi kuma shi ne RAM, wanda Faransawa ke ce wa mémoire vive. Mai daka ita ce furosesa, wadda ke yin dukan lissafi. Duk abin da ka buɗe, sai an kawo shi cikin RAM kafin furosesa ta taɓa shi. Sai dai akwai inda misalin bai hau ba: hatsin da aka ɗebo ya bar rumbu ke nan, amma kwamfuta kwafi take ɗaukowa, asalin yana nan a ma'ajiya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mi ya sa RAM yake mantuwa? Cikinsa akwai ƙananan gurabe da ido ba ya gani, kowane gurbi yana riƙe ɗan cajin lantarki ko ya zama wayam, wato 1 ko 0. RAM mai jiga 4 yana da irin waɗannan gurabe sama da biliyan 34. Matsalar ita ce kowannensu kamar tulu ne mai yoyo, cajin yana tsiyayewa, don haka na'urar take bi tana sake cika su wajen sau 16 a cikin sakan guda. Wani injiniyan kamfanin IBM a Amurka, Robert Dennard, shi ya ƙirƙiro wannan dabara, aka ba shi takardar mallakarta a 1968, kuma har yau ita ce a cikin salular da ke aljihunka. In kuran ya ɗauke, mai cika tuluna ya tafi, komai sai ya tsiyaye nan take.

Nan ne mutane ke kuka. A ce yayanka ya zauna gaban kwamfutar tebur tun hantsi yana buga takardar neman aiki, ko rahoton da zai kai gobe. Yana ganin rubutun a allon kwamfuta, sai ya ɗauka yana ajiye. A'a, yana cikin turmi ne. Abin da ke rumbu shi ne tsohon kwafin da ya buɗe da safe. In bai ce a adana ba, kuran ya yi ƙif, aikin awa uku ya bi ruwa. Manhajar Word takan ajiye wani kwafi da kanta duk minti 10, wani lokaci ta ceci mutum, amma ni dai ba na ba kowa shawara ya jingina da ita. Danna Ctrl da S tare bai kai sakan biyu ba. Mai kwamfutar hannu yana da sauƙi, batir yana riƙe masa, in dai batirin bai mutu ba, don yawancin na hannu da ake sayowa tsofaffi batirinsu ya gaji.

Shi kuwa disk dur ba ya mantuwa, don da maganaɗisu yake rubutu. In ka buɗe shi za ka ga faifai mai ƙyalli kamar madubi, yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, da ɗan hannu mai kai da komo a samansa ba tare da ya taɓa shi ba. Shi ya sa ba a son a buga kwamfuta ko a yar da ita tana kunne: in hannun nan ya karci faifan, abin da ke wurin ya tafi. Na farko da aka sayar a duniya IBM ne ya fito da shi a 1956. Faifai 50 ne a jere, kowane faɗinsa ya kai santimita 60, amma duka abin da yake ɗauka haruffa ne wajen miliyan 5. Hoto biyu ko uku na salular yau sun isa su cika shi.

Yanzu akwai sabuwar ma'ajiya da ake kira SSD, wadda babu abin da ke juyawa a cikinta. Danginta ɗaya da kile da katin memori da ma'ajiyar salula, dukansu daga fasahar da Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba na Japan a shekarun 1980.

Wani zai ce, tunda ma'ajiya ba ta mantuwa, mi ya hana a yi aiki a cikinta kai tsaye a huta? Sauri ne ya hana. A ƙaddara ɗauko abu daga RAM sakan guda ne. A wannan ma'auni, ɗauko shi daga SSD zai ci sama da rubu'in awa, daga disk dur kuwa sai an kwana an wuni. Ita furosesa ba ta iya wannan jira. RAM ɗin kuma ya fi tsada nesa ba kusa ba, shi ya sa ake sa shi kaɗan, a sa ma'ajiya da yawa.

To ta yaya za ka gane wanne ke ciwo? In na'ura tana cewa babu wuri, hoto ya ƙi sauka, manhaja ta ƙi shiga, rumbu ne ya cika. Maganinsa a goge abin da ba a buƙata, musamman bidiyoyin da ke taruwa daga WhatsApp ba tare da an sani ba, ko a kwashe su zuwa kati. In kuma wuri yana nan amma ka buɗe abu uku ko huɗu sai ta fara tsayawa, turmi ne ya yi kaɗan. Kwamfuta in RAM ya cika sai ta ari wani yanki na faifai tana jibge kaya a can tana ɗaukowa, kuma kun ji nisan tafiyar. Salula kuwa rufe manhajar da ke baya take yi, shi ya sa in ka fita daga wani abu ka dawo sai ka ga ya fara daga farko. Gaskiya ne ma'ajiyar da ta cika maƙil ita ma takan jawo nauyi, don haka gogewa takan ɗan taimaka, amma ba ta ƙara RAM ko kaɗan. Na salula a like yake, ba a ƙara shi. Na kwamfuta sau da yawa ana iya ƙarawa, sai dai a tambayi mai gyara tukuna, don wasu na hannu su ma a like nasu yake.

In an aike ka ko ka raka babba sayen salula, za ka ga an rubuta 4/64 ko 8/128 a kwali. Ƙaramar lamba RAM ce, babbar ma'ajiya. GB da Go abu ɗaya ne, wancan Turancin Ingilishi, wannan Faransanci. Inda za a yi hattara shi ne in an rubuta RAM 4+4. Huɗun farko ne na gaske, na biyun aro ne daga ma'ajiya, kamar a ɗebi gefen rumbu a ce turmi ne. Kada a biya kuɗin takwas a kansa.

A kwamfuta kuma kada a tsaya ga takardar da aka manna a jiki. A ce wa mai shago, "Malam, don Allah kunna muna mu gani." In ta tashi, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, akwatin da zai fito yana nuna yawan RAM da irin faifan da ke ciki. Windows 11 ba ya yarda da ƙasa da jiga 4 na RAM da 64 na ma'ajiya, kuma wannan mafi ƙanƙanta ke nan, da 8 aka fi samun sakewa. In an ce faifan jiga 500 ne ka ga kwamfuta ta nuna 465, kada ka ɗaga murya a shago, ba sata aka yi ba. Masu ƙera faifai da 1,000 suke ƙirga, Windows kuwa da 1,024.